Kuɓewar Inna

Daren da ruwan shuka ya sauka a tsakar gida muka fara kwana. Babu wuta, ɗakuna sun ɗauki zafi tun rana kamar tanda, ga 'yata mai jego ga jaririya, don haka ana idar da Isha'i muka baje tabarmi a waje, aka ɗaura gidan sauro a jikin igiyar shanya. Wajen ƙarfe ɗaya na farka. Ba ƙara ce ta tashe ni ba, iska ce ta canja. Duk wanda ya taɓa yin bazara a Zariya ya san wannan. Iskar da ta wuni tana hura wa mutum wuta a fuska sai ta tsaya cak, ko ganye ɗaya ba ya motsi, can sai wata mai sanyi ta taho daga gabas ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar wani gari. Na ɗaga kai, rabin sama ya yi baƙi ƙirin, walƙiya na ta wasa a cikinsa babu tsawa tukuna.

Na ce, "Ku tashi, hadari!" Kafin in rufe baki guguwa ta iso. Mai jego ta rungumi 'yarta ta yi ɗaki, Auta na bin murfin tukunya da iska ta ɗauka, Malam na kiciniyar kwance gidan sauro, ni kuma na nufi shanyar zanen goyo. Ɗigon farko da ya faɗo a kan kwano ya yi ƙara kamar an jefa tsakuwa. Daga nan sai aka tsuge. Muka tsaya a bakin ƙofa cikin duhu muna ta maimaita "Allahumma sayyiban nafi'an", feshin ruwan na dukan ƙafafunmu, babu wanda ya ja baya. Sai da aka yi kiran assalatu yana yayyafi.

Da gari ya waye duk lungunmu gaisuwa ɗaya ake yi. "Ya ruwa?" "Ruwa ya yi gyara." Wata takwas ke nan ban ji wannan amsa ba, kuma wallahi da maƙwabciyata ta jefo min ita ta kan katanga sai da na ji ƙwalla ta taru min.

Ba shi ne ruwan farko ba. An yi sau biyu kafin shi, ɗaya a Afrilu ɗaya a farkon Mayu, irin wanda ke kashe ƙura ya tayar da zafi. Wasu sun yi gaggawa sun shuka, rana ta ƙone musu tsiron. Ni na daure, don abin da Baba ya koya mana tun muna yara. Shi, Allah ya jiƙansa, da taurari yake lissafi: shekara kashi huɗu, bazara da damina da kaka da ɗari, kowane da taurarinsa 7, kowane tauraro kwana 13. Surayya, wadda mu yara muke ce wa kaza da 'ya'yanta, ita da Dabaran su ke rufe bazara. Sai Haƙ'a ta shiga yake cewa damina ta kama. Amma ko tauraron ya shiga, ko shamuwa ta dawo ta gyara sheƙarta a kan kukar bakin masallaci, ba ya taɓa sungumi sai ya tona ƙasa da hannu. In danshi bai kai wuyan hannu ba sai ya kaɗe tafinsa ya ce, "Wannan na tsuntsaye ne." Yanzu kuma ga hasashen hukumar kula da yanayi, wato NiMet, da ake karantawa a rediyo tun farkon shekara, ina saurare, yana da amfani. Duk da haka da safen nan sai da na tsuguna a bayan ɗaki na cusa hannuna. Ƙasa ta haɗiye shi har ya wuce wuyan hannu, sanyi ƙalau.

Lambun nawa ba wani babba ba ne. Taku goma sha biyu ne a tsaye, takwas a kwance, tsakanin bayan ɗakin girki da katanga. Lokacin da muka tare a gidan nan wurin juji ne na magina, fasassun bulo da busasshen siminti da ƙusoshi. Shekara guda cur ina tsince su a bokiti bayan na taso daga makaranta. Sannan na shiga zuba masa duk abin da ƙasa ke so: tokar murhu, kashin awaki daga gidan maƙwabta, ɓawon gyaɗa, ganyen da darbejiya ke zubarwa da hunturu. Na haƙa rami a kusurwa, duk ɓawon doya da dankali da guntun ganye can suke tafiya, a rufe da ƙasa. Kashin kaji kuwa na koyi darasi a kansa, ɗanyensa wuta ne, ya taɓa ƙone min komin alayyahu guda, yanzu sai ya yi watanni a rami ya huce kafin ya ga shuka. Yau in ka ɗebi ƙasar wurin baƙa ce, tana warwarewa a hannu, ga tana a ciki.

Bazara ita ce jarrabawar mai lambu a garin nan. Zariya kan samu ruwan sama kimanin milimita 1,000 ko ya ɗan haura a shekara, amma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba, mafi yawa a Agusta. Daga Maris rijiyarmu takan ja baya, sai a zura guga a jira. Ruwan 'yan garuwa kuwa ba wanda zai saya da kuɗinsa ya zuba wa ƙasa. Saboda haka a gidan nan ruwa ba ya aiki ɗaya ya tafi. Na alwala a baho ake tara shi, na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk bokiti guda suke shiga, da yamma in raba wa zogale da lemun tsami da gwanda da tukunyar na'ana'a. Da haka suka ƙetare. Lemun tsamin har ya naɗe ganye kamar zai tafi, kwana uku da ruwan nan sai ga shi ya fito da sabon toho, ja-ja, mai sheƙi.

Auta ce ta yi min wani lissafi da ya tsaya min a rai. Tana cikin jarrabawar WAEC lokacin, kanta cike da alƙaluma. Ta ce, "Mama, kin san milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne? In rufin gida murabba'in mita 100 ne aka yi ruwa milimita 20, lita 2,000 ke nan, jarka 80 mai cin lita 25." Na yi shiru ina tuna yadda muke ƙirga jarka da bazara. Washegari Malam ya sa aka gyara indararo, muka jera duro biyu da tsohon tanki. Ruwan farko dai mukan bar shi ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye daga kan kwano, na bayansa muke tara. Kuma kowane mazubi da murfinsa, domin sauro ba ya buƙatar fiye da mako guda zuwa kwana goma ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, ga jaririya a gida.

To, abin da na fi ɗokin shukawa shi ne kuɓewar Inna.

Ban san sunanta a littafi ba, a gidanmu haka kawai ake ce mata. Gajera ce mai kauri, tana da ɗan ja a gindin ɗiyan, ga yauƙi, guda biyar sun ishi tukunyar miya. Inna ta ce da ita ta zo gidan Baba daga gidansu, ƙulle a bakin zane, kuma ita ma a wurin tata uwar ta samu. Kowace damina a bayan ɗakinta take shuka ta, a ƙauyenmu ta wajen Giwa. In ta fara 'ya'ya, Inna takan zaga ta zaɓi uwar da ta fi ƙarfi da yawan ɗiya, ta yagi jan tsumma ta ɗaura a kan 'ya'yan farko. Duk yaron gidan ya san mai jan tsumma ta iri ce, ko miya za ta kwana ba kaɗi ba a taɓa ta. Sai ta bushe a jikin uwarta har ta fara tsagewa sannan a cire.

Shekara uku ke nan da rasuwar Inna. Damina ta farko bayan ta tafi na kusa rasa irin nan, kuma laifina ne. Na ɓare shi bai gama bushewa ba, na ƙulle a leda na jefa a kwaba. Da na buɗe a watan Mayu ya yi funfuna, ya dunƙule, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba. Ban taɓa zaton zan yi wa kuɓewa kuka ba, amma ranar na zauna a bakin murhu na yi mai isata, don ji na yi kamar na sake binne ta. Malam ne ya ce, "Ki je wurin Iya mana." Iya ƙanwar Inna ce, ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni ba ta ce komai ba, ta dafa bango ta shiga madafi, ta miƙa hannu sama ta sauko da wani dami da ke rataye a jikin azara, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Ta girgiza shi kusa da kunnena, ƙwayoyin suka yi kacau-kacau. Ta ce, "Ga ta nan. Ke dai kada ki ƙara sa ta a leda, iri yana son ya sha iska kafin a rufe shi." Tun daga nan sai ya bushe ƙarau a inuwa, in gauraya shi da toka mai laushi, in zuba a kwalba mai murfi. Kuma kwalba biyu nake yi, ɗaya a ɗakina ɗaya a wurin ƙanwata a Tudun Wada.

Daren da ya biyo bayan ruwan na jiƙa irin a kofi. Waɗanda suka taso sama na zubar, na ƙasan su ne masu rai. Da sassafe na ja kunya huɗu da fartanya, na riƙa yin rami da ɗan yatsa, zurfin gaɓa ɗaya, tsakani kamu guda, ƙwaya uku-uku. Ba na shuka wata kuɓewar kusa da ita, kada ƙudan zuma su haɗa min su ta rikiɗe. Ƙasarmu ta nan tana da wani hali, in ruwa ya doke ta rana ta biyo baya sai samanta ya yi ɓawo mai tauri, tsiro ya rasa hanyar fita. Don haka kwana uku ina bi da tsinke ina farfasa ɓawon a hankali. Ran na biyar, bayan sallar asuba, na fita da tocila. A kunya ta biyu ƙasa ta ɗan tsage, ga wani abu fari-kore ya lanƙwaso wuya kamar mai ruku'u. Kafin hantsi ya miƙe, ɓawon irin na maƙale a kansa kamar hula. Zuwa la'asar hular ta faɗi, ganye biyu masu faɗi kamar kunnen ɓera suka buɗe. Na kira mai jego na ce ta fito da yarinyar ta gani. Ta ce, "Mama, ai ba ta ganin komai tukuna." Na ce ta dai fito da ita.

Don yarinyar nan takwarar Inna ce. Wannan shi ne babban labarin gidanmu na bana. 'Yar farina ta sauka lafiya a farkon Mayu, a tsakiyar zafin nan, aka kawo ta gida wanka. Ranar suna da liman ya raɗa, aka aiko cikin gida aka faɗa, sai na ji sunan mahaifiyata. Surukina bai gaya wa kowa ba, ashe tun da ya ji labarin irin riƙon da Inna ta yi wa matarsa tana ƙarama ya ƙudurta. Allah ya yi masa albarka. Tunda bakina ba zai iya kiran sunan ba, Inna ƙarama muke ce mata. Tana da dogayen yatsu da wani ɗan tsaga a haɓa, in ta yi hamma duk fuskarta sai ta tattare.

Wankan jego ya ɗan jawo magana tsakanina da Hajiya, mahaifiyar Malam, amma cikin girmamawa aka yi ta. Ita a zamaninsu ruwa sai ya tafasa, safe da yamma, a kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, kunun kanwa kuwa kwano-kwano. Ni kuma na san tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya suka yi bincike a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a yankin nan da yawan kanwa da wannan zafin da ake gasa mai jego da shi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin ciki kuma ga zafin bazara. Na ce, "Hajiya, a yi wankan, amma a sirka ruwan, kanwar kuma a ɗan ɗiga don ɗanɗano." Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ta san mata biyu a unguwarsu da suka kumbura bayan haihuwa ba su tashi ba. Shi ke nan aka daidaita. Darbejiyar ƙofar gida ta ba da ganyen wanka, zogalen bayan ɗaki kuma ya ba da na ci. Kusan kullum sai na tsigo shi na dafa, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan tumatir, ko a zuba a dambu. Zogale in ana sare kansa daidai ƙirji yakan yi rassa ya cika da ganye, in aka bar shi sai ya zabga tsawo ya fi ƙarfin hannu.

Yayan Auta kuma yana Kuros Riba yana yi wa ƙasa hidima. Da na kira shi ina murnar ruwa dariya ya yi, ya ce su can tun Maris suke fama da laima, takalminsa har ya yi funfuna. Ya ce abin da ya fi kewa miyar kuɓewa busasshiya da tuwon dawa. Na daka masa garin kuka da na kuɓewa da daddawa, ina jiran mai tafiya. Auta ta gama WAEC, ta huta kwana kaɗan ta koma kan littafi saboda NECO. Ita ce mai cire min ciyawa da yamma, wai kanta ya fi ɗaukar karatu in ta taɓa ƙasa.

Sauran shukar ba ta da dogon labari. Alayyahu na gauraya irinsa da yashi kafin in watsa, don ƙanana ne ƙwarai, in ba haka ba wuri guda za su cushe. Rama da yakuwa a gefen katanga. Kabewa biyu a bakin ramin taki, sun riga sun fara miƙa hannu suna neman abin kamawa. Lalo da tafasa ba wanda ya gayyace su, da kansu suka fito, na bar su. Gauta da attaruhu na yi renonsu a tsohon baho tun kafin ruwa, na dasa su da yamma bayan ruwan da ya biyo na shuka.

Masara kuwa ta Samaru ce. Mu da muke zaune kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona muna da gata, kuma sau da yawa ba mu san muna da shi ba. Wurin nan tun 1922 ake aikin iri a cikinsa, ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM daga nan ya fito: SAMMAZ masara, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMSORG dawa. Layi biyu na yi na mai saurin nuna, don yara su samu ta gashi. Akwai masu cewa ko dai ka riƙe na gargajiya ko ka koma na zamani, kamar kishiyoyi ne. Ni ban ga haka ba. Masarar da za ta nuna da wuri ta jure ɗan fari alheri ce, waɗanda suka ɓata shekaru suna fitar da ita sun cancanci addu'a. Sai dai mai saye ya tambaya, in irin aure ne da ake ce wa haibirid, ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa, ba zai fito kamar uwarsa ba, kowace shekara sai an sayi sabo. Kuɓewar Inna kuwa ba ta taɓa neman kuɗin kowa ba, kuma ba ta cikin kantin kowa. In mu muka sake ta, ta tafi ke nan.

Abin da nake tsoro a masarar shi ne tsutsar nan da ta shigo ƙasar a 2016, mai shiga cikin kan masara ta cinye zuciyar, ta bar kashi kamar dusa. Kowace safiya sai na leƙa cikin kowane kai. In na ga ganye ya yi huji-huji sai in cire ta da hannu, in zuba ɗan yashi da toka a ciki. Ga mai layi biyu wannan ya isa. Sauran ƙwari kuma ruwan darbejiya nake yi musu: a daka 'ya'yan ko ganyen, a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗiga ɗan ruwan sabulu, a yayyafa da yamma. Ba na son maganin feshi a kan ganyen da zan tsinka gobe in ba mai shayarwa. Tumatir ma a wannan shekarar ta 2016 muka ga tashin hankali, lokacin da ƙwaron da manoma ke kira sharon ya share gonaki a Kaduna da Kano har gwamnatin jiharmu ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Ko babu sharon, tumatir ba ya son damina, ruwa na sa shi ciwon ganye da ruɓa, shi ya sa yake tsada daga yanzu har kaka. Guda shida kawai na sa a buhuna a ƙarƙashin rumfa, na kafa musu sanda. Sauran miya kuwa da kauɗar da na shanya tun Fabrairu, lokacin da kwando ke araha, za mu lallaɓa.

Babbar Sallah ta faɗo 6 ga Yuni bana, wato 2025, shuka na da 'yan kwanaki da fitowa. Ragon layya ya kwana huɗu a gidan, kuma a kwana na biyu ya tsinke igiya da tsakar rana. Allah ya sa mai jego na zaune a inuwa ta gan shi. Kafin a kama shi ya share rabin layin rama, ya taka kunyar kuɓewa ɗaya. Na tsuguna ina tayar da su ɗaya bayan ɗaya, hannuna na rawa. Guda huɗu sun karye, sauran sun miƙe. A ranar Malam ya sayo zana biyu ya kewaye wurin, ya yi ƙofa da tsohon kwano. Bayan yanka kuma abin da ke cikin tumbi bai tafi bola ba, ramin taki ya shiga, baɗi shi ne abincin kuɓewa.

Ba zan ce damina daɗi ce zalla ba. Daren da muke tsaye a bakin ƙofa muna murna, wata tsohuwa a bayan layinmu tsaye ta kwana tana tara kwanoni, don soronta na ƙasa ne kuma bana ba ta samu yin yaɓe ba. Matasan lungu sun haɗu sun yi mata ranar Asabar, Allah ya saka musu. Kwatar lungun kuma ta cika da leda da robar ruwa, ruwan da ya biyo baya sai da ya shigo zauren mutum biyu. Aka yi gayya aka yashe. Abin da ke ci min rai shi ne mu da kanmu muke zubawa, sannan mu dawo muna salati in ruwa ya biyo mu ɗaki. Malka na nan tafe a Agusta, in ba mu daina ba za mu sake gani.

Juma'ar da ta wuce muka yi abin da ni a wurina shi ne bikin shigowar damina. Kowace shekara ranar da na fara tsinkar ganye a lambun nan fate nake yi, kuma ba a ci mu kaɗai. Kanawa su yi ta tsokanarmu da fate, mu dai Zage-zagi ba mu fasa ba. Alayyahu ya kai tsinka, mako uku da 'yan kwanaki, yakuwa kuma na rage ta inda ta cushe, ƙananan ganyen nan masu tsami mai daɗi. Na ɗora ƙashin rago da ya rage na Sallah tun hantsi, da wake da daddawa da albasa da attaruhu. Da ya yi laushi na zuba tsakin masara ina juyawa kada ya yi gudaji, sannan niƙaƙƙiyar gyaɗa, ganye kuma daga ƙarshe don kada ya mutu. Gautar kasuwa ce, tawa ba ta kai ba. Hajiya ta zo da man shanu a 'yar kwalba. Aka kai gida huɗu, har da na tsohuwar nan mai soro. Muna cikin sha a tsakar gida bayan Magariba shinge suka taso suka rufe fitila, yaran maƙwabta suka shigo da kwano da ruwa suna kamawa, kwaɗi kuma suka amsa daga kududdufin bayan gari. Hajiya ta leƙa ta kan zana ta daɗe tana kallon kunyoyin, ta ce, "Yabanya, Allah ya fish she ki fari." Muka ce amin.

Kuɓewar yanzu ta wuce taƙi, ta fara fitar da ganyenta na gaskiya masu yatsu da ɗan ƙaiƙayi. Na rage su, na bar ɗaya ko biyu a kowane rami. Nan da mako biyu ko uku, in Allah ya yarda, furen zai fito, ruwan ƙwai mai haske da jan ido a tsakiya, wanda ke buɗewa da safe ya rufe kafin yamma. Mai jego ba za ta gan shi ba, ta yi arba'in, ranar Lahadi mijinta zai zo su koma Kaduna. Gidan haya suke, tsakar gidan duk siminti ne. Jiya ta same ni a bayan ɗaki tana goye da yarinyar, ta tsaya tana murza bakin mayafi, ta ce, "Mama, in aka cika buhu da ƙasa aka huda gindinsa, za ta yi?" Na ce za ta yi, in dai wurin na samun rana kuma ba a bar ta da ƙishi ba. Damina ma yanzu ta fara, ba ta makara ba.

Na wanke wata 'yar kwalbar turare na shanya ta tun jiya. Yau na zuba mata ƙwaya talatin da toka, na cika buhu biyu da ƙasar ramin taki, Malam na ta tunanin yadda za su shiga bayan mota tare da kayan jego. Na kuma yago jan tsumma daga tsohon zanen Inna da ke ƙasan akwatina, na naɗe kwalbar da shi.